Sati 12 ni da Baba a wurin motsa jikin masu ciwon zuciya

Ranar da muka fara zuwa, benci ɗaya muka zauna ni da Baba, kowa riƙe da katinsa. Yarinyar da ke rajista ta karɓi nasa, ta dube ni da jaririya a goye, ta ce, "Hajiya, 'yan rakiya a waje suke jira." Kafin in buɗe baki Baba ya ce mata, "A'a 'yar nan, Uwata ma jinya ta zo. Ta ma riga ni kwanciya." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Yarinyar ta ba ni haƙuri, ni ma ban riƙe ta a rai ba. Sai dai maganar ta yi ta dawo mini har muka gama, domin kusan duk abin da zan kushe a wurin nan daga tunanin nan ya taso, wato mai ciwon zuciya dattijo ne namiji, mace kuwa rakiya ta yo.

Wurin wata cibiyar gashi ce mai zaman kanta a nan Kano, irin wadda ake kai masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon baya, sai suka ware ɗaki guda da wasu sa'o'i don masu ciwon zuciya. Ba zan kama sunanta ba, saboda akwai ƙorafi a bakina, mutanen kuma sun yi mana alherin da ba zan so in tozarta su ba. Burina shi ne duk wanda likita ya ce masa ya nemi irin wannan wuri ya san abin da zai tarar, da abin da zai tambaya kafin ya zaro kuɗinsa.

Ni shekarata 34. Sati uku bayan haihuwata ta biyar ƙafafuna suka kumbura, tari ya hana ni barci, na koma ba na iya kwanciya sai na jera matashi uku. A gida aka ce sanyin jego ne, a ƙara zafin ruwan wanka, a ƙara kunun kanwa. Sai da na kasa tafiya daga ɗaki zuwa banɗaki ba tare da na dafa bango ba sannan maigidana ya ɗauke ni zuwa asibiti. Hoton zuciya ya nuna ta buɗe ta yi laushi, tana tura kashi 28 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, alhali ta mai lafiya tana tura kashi 55 ko fiye. Likita ya ce ciwon nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda yake kama masu jego, suka zargi kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya nuna a Kano ana samunsa a kusan haihuwa 1 cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya, kuma rama da rashin abin hannu da hawan jinin goyon ciki sun fi al'adun jego alaƙa da shi. Duk da haka, da zarar zuciya ta yi rauni to kanwa ta haramta, don ita ma 'yar'uwar gishiri ce wajen tara ruwa a jiki.

Baba kuma shekararsa 66, tsohon malamin makaranta ne. Ina cikin wata na biyar da jinya jijiyar zuciyarsa ta toshe, yana dawowa daga masallaci da Asuba. Allah ya sa da sauran kwana, aka buɗe jijiyar aka saka masa ɗan bututun nan na waya da ke hana ta sake rufewa. Likitansa ne ya ba shi takardar zuwa cibiyar, ni kuma da na ji na tambayi nawa likitan, ya ce ai da ma ya kamata.

Abu na farko da zan yaba shi ne ba sa karɓar kowa sai da takardar likitan zuciya, da hoton zuciya na kwanan nan, da jerin magungunan da mutum yake sha. A gabana suka mayar da wani Alhaji da ya zo da kuɗinsa a hannu amma ba takarda. Ya yi faɗa, ba su saurara masa ba. A bangon ɗakin akwai na'urar nan da ake ɗora wa mutum a ƙirji idan zuciya ta tsaya, akwai tukunyar iskar numfashi, kuma na tambaya aka nuna mini wanda ya iya aiki da su. Duk inda za ku je, ku tambayi waɗannan biyun. Wurin da babu su gidan motsa jiki ne na masu lafiya, ko da wane suna ya sa wa kansa.

Kuɗin da muka biya N40,000 ne a wata ga kowannenmu, zuwa uku a sati, Litinin da Laraba da Asabar, wato zuwa 36 gaba ɗaya. Ban da kuɗin adaidaita sahu. Yayyena ne suka haɗa na Baba, maigidana ya biya nawa. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga gidan da ake sayen magani kowane wata, kuma na san matan da kuɗin nan kaɗai ya hana su.

A ranar farko babu keke babu inji. Wani dogon baranda suka auna mai tsawon mita 30, suka ce mutum ya yi ta kai da komowa na minti 6 gwargwadon ƙarfinsa, idan ya gaji ya tsaya. Na yi mita 290, na tsaya sau biyu. Baba ya yi 340. Daga nan kowane zuwa tsarinsa ɗaya ne. Za a hau sikeli, a auna jini, a maƙala ɗan abin nan a yatsa da ke nuna bugun zuciya da iskar da ke cikin jini, a tambaye ka yadda ka kwana. Sai minti 10 na ɗumama jiki, sai keken da ba ya tafiya ko injin tafiya, da farko minti 8, a hankali har muka kai 30, sai kuma a sauko sannu a hankali kafin a zauna. Ranar da nauyina ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ma'aikaciyar ba ta bar ni na hau komai ba. Ta ce ruwa ne yake taruwa, ta kira likitana a waya, ya ƙara mini maganin fitar da ruwa. Tun daga ranar na sayi sikeli na ajiye a bakin gado.

Akwai wata dabara da suka koya mana wadda ta fi mini duk na'urorin amfani. Mu biyun muna shan maganin da ke rage gudun zuciya, ni kabedilol, Baba bisofurolol, saboda haka ƙirga bugun zuciya kaɗai ba ya nuna ko mutum ya wuce iyaka. Sai ma'aikaciyar ta ce, "Idan kina tafiya kina iya hira amma ba za ki iya rera karatu ba, to kina daidai. Idan hirar ma ta gagara, ki rage. Idan kika ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko zuciya na tsalle, ki tsaya ki kira ni." Har yau da wannan ma'aunin nake tafiya.

Amma ba keken ne ya sa na zauna rubuta wannan ba. Wata tambaya ce da aka yi mana a sati na biyu. Ma'aikaciyar ta zo da takarda, ta zauna kusa da ni, ta ce, "Anti, kafin ciwon nan, me kike yi don jin daɗinki?" Na ce ina girki, ina kula da yara, ina sayar da zannuwan gado a gida. Ta ce ba aiki take tambaya ba, abin da nake yi don raina ya yi fari take nufi. Wallahi na daɗe ina kallonta. Shekara goma sha huɗu da aure, babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Daga baya na lalubo Islamiyyar ranar Asabar da Lahadi, da zuwa biki da suna, da saƙar hulunan jarirai da na bari tun haihuwa ta uku. Ta rubuta su duka ukun, ta ce su ne abin da za mu yi aiki a kai, keken hanya ce kawai ta komawa gare su.

Da na haɗu da Baba na tambaye shi ko shi ma an yi masa tambayar. Ya ce an yi, kuma takardar ba ta ishe shi ba. Majalisarsu ta gindin darbejiya bayan La'asar, da dara, da tattabarunsa, da 'yar gonarsa ta hanyar Kura, da sauraron wasan Kano Pillars a rediyo, da zagayen zumunci ranar Juma'a. Duk ya daina su tun da ya dawo daga asibiti.

A nan na fahimci cewa ciwo ɗaya ne amma ɓarnarsa iri biyu ce. Baba yana da abubuwan jin daɗi da yawa, tsoro ya ƙwace masa su. Ya koma zaman ɗaki, rediyo a kunne amma ba ya ji. Ya daina zuwa masallaci da Asuba don a hanyar nan abin ya same shi. Ya ce a raba tattabarun a ba jikoki. Mutumin da unguwa ke jin dariyarsa daga soro ya koma sai a yini bai yi magana goma ba. Mu kuma 'ya'yansa, da kyakkyawar niyya, muka ƙara masa. Ya miƙe a ce Baba zauna, ya ɗauki buta a karɓe. Ni kuwa babu wanda ya hana ni aiki. Ina yin arba'in na biyu, wato da kumburin ya saɓe, sai girki da wanki da shara da raino suka dawo mini cif, amma da na ce zan je sunan 'yar ƙanwata sai aka ce ina, mai ciwon zuciya da shiga taro? Islamiyya ma aka ce nisa. Wato an bar mini wahalar, an ɗauke hutun. Da na yi hira da sauran matan, kusan duk labarin ɗaya ne. Wata baiwar Allah da ta zo daga wajen gari ta ce ita tunda aka sallame ta daga asibiti ba ta taka ƙofar gida ba sai ranar ganin likita, amma ita ce mai daka da ɗiban ruwa.

Ma'aikaciyar ba ta ce aikin gida ba motsa jiki ba ne. Ta ce shara da kai da komowa a tsakar gida suna da amfani. Abin da ta hana shi ne duk aikin da sai mutum ya riƙe numfashi ya yi nishi, kamar ɗaga jarkar ruwa mai lita 25, wadda nauyinta kilo 25 ne, ko daka, ko ɗauke babbar tukunya daga murhu, domin suna sa jini ya hau farat ɗaya. Ta kuma ce minti 150 na motsa jiki a sati da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa, gara a same su a tafiya mai tsari da rai kwance, a kan a same su a guje-gujen da mutum ke yi ransa a dagule. Wannan bayanin na roƙe ta ta maimaita shi a gaban maigidana, ta kuwa yi.

Ranar Asabar bayan motsa jiki akwai zaman tattaunawa na rabin sa'a, maza daban mata daban. A zaman farko aka gaya mana cewa kusan mutum 1 cikin 5 da suka yi bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya irin ta Baba, suna faɗawa ciwon damuwa mai tsanani, kuma ya fi yawa a mata. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na yi watanni ina farkawa tsakar dare in zauna ina kallon jaririyata ina lissafin wa zai riƙe ta. Na ɗauka raunin imani ne, na yi ta istigfari ban gaya wa kowa ba. Jin cewa abin yana da suna, yana da magani, kuma matar da ke kusa da ni ma haka take kwana, ya sauke mini wani dutse. Ba su da likitan ƙwaƙwalwa a wurin, amma sun tura mata biyu inda za su gan shi, ɗaya kuma ta gaya mini da bakinta cewa ta samu sauƙi.

Abin da ake faɗa a zaman maza Baba bai gaya mini ba, ni ma ba zan tambaye shi ba. Maigidana ne ya halarci ranar da aka gayyaci iyalai, ya dawo yana cewa ashe tambayar da ta fi damun mazan ita ce ta kusantar iyali, sai dai kowa na jin nauyin yi. An ce musu wanda zai iya hawa bene hawa biyu ba haki ba ciwon ƙirji, galibi babu matsala, amma ya tabbatar wajen likitansa. An kuma ja musu kunne sosai a kan maganin ƙarfin maza, na kemis da na masu talla a mota, musamman ga mai shan ƙwayar nan ta ciwon ƙirji da ake sakawa a ƙarƙashin harshe, domin haɗuwarsu na iya faɗar da jini har a rasa rai. Na rubuta wannan duk da nauyinsa, saboda na san akwai gidajen da za su amfana.

Sauyin da na gani a Baba ya fara ne a sati na huɗu. A kan keke ya haɗu da wani tsohon direban tirela da aka yi wa irin aikinsa shekara biyu da suka wuce, mutumin yana taka keke yana ba da labarin hanyar Legas. Baba ya dawo gida yana cewa, "Uwata, kin ga mutumin nan? Jijiya biyu aka buɗe masa." Washegari ya fita majalisa. Abin da mu 'ya'yansa muka kasa da lallashi, ganin ɗan'uwansa a ciwo yana dariya ya yi shi a rana ɗaya. Ma'aikacin da ke kula da maza kuma ya zauna da shi suka tsara komawa gona: ya je ya duba, ya zaga, ya yi shuka da tsinka, amma huɗa da ɗaukar buhu a bar wa yara, kuma kada ya yi rana.

To, ƙorafina. Lokacin maza daga 7 zuwa 10 na safe ne, da kuma bayan La'asar ga masu kasuwa. Lokacin mata daga 11 zuwa 1 na rana. Duk matar aure a Kano ta san wannan ne lokacin ɗora abincin rana da ɗauko yara daga makaranta, kuma shi ne lokacin da rana ta fi zafi. A watan Afrilu muka yi wani ɓangare na zuwanmu, zafi ya haura 40, ga mu a adaidaita sahu muna shan maganin fitar da ruwa. Ni da Baba ma sai ranar farko kawai muka tafi tare. Na yi magana sau biyu, aka ce za a duba.

Ma'aikaciya mace guda ɗaya ce tak. Yarinya ce mai haƙuri da sanin aiki, ina yi mata addu'a har gobe, amma da ta tafi hutun sati biyu sai aka ce namiji zai karɓe mu. Aikin nan akwai manna wayoyi a ƙirji, akwai ɗaura abin awo a damtse. Mata shida a cikinmu suka zauna a gida har ta dawo, biyu ba su sake dawowa ba. Labulen da ya raba ɓangarenmu da hanyar wucewa bai kai ƙasa ba, saboda haka da hijabi muke hawa injin tafiya, har ranar da na wata ya kusa shiga cikin bel ɗin. Bayan nan ne suka sa ƙofa. Babu inda za a kwantar da jariri, babu inda za a shayar, alhali rabinmu masu goyo ne. Ƙanwata nake ɗauka ta zauna da yarinyar a baranda. Wadda ba ta da ƙanwa fa? Mu tara muka fara a rukuninmu, mu uku muka gama. A rukunin Baba su goma sha ɗaya ne, tara suka gama. Babu ɗaya daga cikin matan nan da ta bari don lalaci.

Sai takardar abinci. An ba mu wata mai hotuna masu kyau, cike da kayan lambu da kifin da ban taɓa gani a kasuwar Rimi ko 'Yankaba ba. Babu tuwo, babu miyar kuka, babu ɗanwake, babu maganar kanwa ko magi ko yajin tsire ko kilishi, waɗanda su ne inda gishirin yake a abincinmu. Abin da aka rubuta daidai ne, kada gishiri ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Amma yadda za a yi hakan a tukunyar mutum goma sha biyu, mu muka koya wa junanmu. Wata Hajiya ta nuna mana yadda take ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da albasa ta rage magi zuwa ɗaya, ta kuma ɗebi nata kafin a sa gishirin gida. Ɗanwake kuwa na haƙura da shi, tunda ba ya yiwuwa sai da kanwa.

Babban giɓin da na gani shi ne ba a taɓa yi mana maganar sake ɗaukar ciki ba. Ga masu irin ciwona wannan ita ce maganar rai da mutuwa, domin idan zuciya ba ta gama farfaɗowa ba, wani cikin na iya mayar da ita baya ko ya fi haka muni. Likitana ya yi mini bayani tun a asibiti, ni da maigidana, muka ɗauki matakin tazara. Amma a cikinmu akwai wadda ba ta taɓa ji ba, sai a bakina. Wurin da ke tara masu jego masu ciwon zuciya sau uku a sati bai kamata ya bar wannan ga sa'a ba. Na faɗa wa shugaban wurin haka ranar da muka gama, ya rubuta a littafinsa.

Wutar lantarki ta ɗauke mana sau uku ko huɗu kafin su tayar da janareta, injin tafiya ya tsaya da mutum a kai. Ba a ji ciwo ba, amma abin gyarawa ne. Tsafta kuwa babu laifi, banɗakin mata kullum da ruwa, kuma ba a taɓa sa mu jira fiye da minti 15 ba.

A ranar ƙarshe aka mayar da mu barandar nan. Na yi mita 430 ban tsaya ba. Baba ya yi 455, ya fito yana tambaya ko akwai wanda ya fi shi a rukuninsu. Tattabarun ba a raba su ba, sun ma ƙaru. Yanzu bayan sallar Asuba yakan zaga unguwa na rabin sa'a shi da abokinsa, ranar Asabar kuma ɗan'uwana ya kai shi filin sukuwa ya taka tare da masu zagaye. Lokacin hunturu yana jira sai rana ta fito ƙura ta lafa. Dara ta dawo, gardamar ƙwallo ta dawo.

Ni kuma maigidana ya ɗauki nauyin mai ruwa har cikin gida, wanki aka ba wata, babbar 'yata ta karɓi girkin dare. Na koma Islamiyya, kuma da ƙafa nake zuwa, minti 20 tafiya, mu uku da maƙwabtana. Idan zafi ya yi yawa mukan je kantin Ado Bayero da ke titin gidan zoo mu zaga cikin sanyi kafin mutane su cika. Biki ina zuwa, in zauna inda iska take, in ci kaɗan, in dawo kafin Magariba. Na saƙa huluna goma sha ɗaya, na sayar da bakwai. Azumin bana ban yi ba, likitana ne ya hana saboda maganin fitar da ruwa, Baba kuwa nasa likitan ya gyara masa lokutan shan magani ya yi abinsa.

Ga namijin da ya yi bugun zuciya ya koma zaman ɗaki, ina ba 'ya'yansa shawara su haɗa kuɗin nan su kai shi, ko da wata ɗaya ne, don abin da zai gani a wurin ya fi abin da za su faɗa masa. Ga mace kuwa, ta je, amma kafin ta biya ta tambayi lokacin mata, ta tambayi mata nawa ne ma'aikata, ta tambayi inda za ta ajiye goyonta, kuma ta tafi da maigidanta ko uwar mijinta ranar iyalai, domin su ne za su ɗauke mata jarkar su bar ta ta je suna. Wanda ƙafarsa ke kumbure, ko yake haki yana zaune, ko ƙirjinsa ke ciwo ba tare da ya yi komai ba, wannan ba wurinsa ba ne tukuna, asibiti zai koma.

Watan jiya aka sake yi mini hoton zuciya, ta kai kashi 46. Likita ya ce kada in kuskura in daina magani, in dawo bayan wata shida. Daga asibitin na biya ta cibiyar na kai wa ma'aikaciyar nan hula ɗaya cikin huɗun da suka rage, don na ji tana da juna biyu. Na tambaye ta wa zai riƙe mata idan ta tafi haihuwa. Ta ce an yi alkawarin ɗaukar wata, kuma ana maganar buɗe wa mata lokaci bayan La'asar ranar Laraba. Na bar mata lambar wayata, na ce ranar da aka buɗe ta kira ni, akwai mata biyu a layinmu da zan kawo.